Daga Jackson Park Zuwa Filin Baba Yara

Biki ne ya kai ni Kumasi. Kakanmu ya yi fataucin goro tsakanin Kano da ƙasar Asante, ƙaninsa da suke tafiya tare kuma ya yi aure a can, ya kafa gida a Aboabo, bai sake dawowa ba. Zuriyarsa ta yaɗu, amma sai a waya muke gaisawa. Da aka sa ranar auren ɗaya daga cikin jikokin gidan, manya suka ce lalle a samu mai wakiltar 'yan Kano, ni kuwa na yi wuf na karɓa. Aikina koyar da wasanni ne a makarantar sakandare, kuma tun ranar da Najeriya ta tashi canjaras da Gana a wasan ƙwallo a Kumasi a watan Maris na 2022 nake ƙwaɗayin ganin filin da aka buga wasan, in kuma ji yadda aka yi babban filin wasa a tsakiyar ƙasar Asante yake amsa sunan Baba Yara.

Daga Legas na hau jirgi zuwa Akra, daga nan na shiga doguwar bas. Tafiyar ba ta wuce kilomita 250 ba sosai, amma manyan motocin kaya masu haurawa Burkina Faso da Mali da Nijar suna cin lokaci, sai a shafe awa biyar ko shida a hanya. Muka wuce Nsawam da masu tallan burodinta, muka wuce Suhum, sai ga duwatsun Kwahu ta hannun dama, kore shar duk da ana ƙarshen hunturu. A Nkawkaw mutumin da ke kusa da ni, mai jar riga da hoton beguwa a ƙirji, ya taɓa ni ya nuna titi. Ya ce a nan kusa motar 'yan wasan Asante Kotoko, babbar ƙungiyar ƙwallon Kumasi, ta yi hatsari da dare a watan Yuli na 2017, suna komawa gida bayan wasa. Ɗaya daga cikin masu kula da kayan ƙungiyar ya rasu, koci da 'yan wasa da dama suka ji rauni. Da ya gama bai sake cewa uffan ba har Konongo.

A tashar Asafo ɗan Baffa ya tarye ni, muka shiga keke mai ƙafa uku, wanda su suke ce wa pragya. Daga Asawase zuwa Aboabo Hausa ce ke tashi ko'ina: mai koko da ƙosai, mai tsire, yaran da ke dawowa daga makarantar allo, tsofaffi a kan benci a ƙofar masallaci. Biki ya yi armashi, an ci tuwon zafi da waakye har an bari, an yi wa amarya addu'a, an kai ta ɗakinta. Wannan wani labarin ne daban.

Baffa, wanda shi ne babba a gidan yanzu, ya haura shekara tamanin, amma ƙwaƙwalwarsa garau. Da na gaya masa ina so in je sitadiyam sai ya kaɗa kai.

"Ɗana, in tarihi kake nema, ba daga can za ka fara ba. Gobe in mun karya ka raka ni Jackson Park."

Matasa ba su san wurin da wannan suna ba. Tun lokacin bikin cikar Gana shekara 50 da samun 'yanci, a 2007, ake ce masa Jubilee Park. Fili ne a tsakiyar gari, an daɓe shi, an yi rumfunan zama a gefe, ana taron siyasa da na addini da faretin yara a cikinsa. Ba ciyawa, ba raga, ba wata alama da za ta nuna wa baƙo cewa nan ne gidan ƙwallon Kumasi kafin a gina sitadiyam. Amma a nan Kotoko, wadda aka kafa a 1935 ƙarƙashin inuwar Sarkin Asante Prempeh na Biyu, ta yi ƙuruciyarta. A nan take karawa da Cornerstone, 'yar garinsu da ta girme ta. Baffa ya dogara sandarsa ya bi da ni, yana nuna inda raga ɗaya take, da inda aka kewaye da kwano don kada a yi kallon banza, da inda bishiyoyin da suke hawa suke. Ya ce yaron da ba shi da kuɗin shiga dabara biyu gare shi: ko ya hau bishiya tun kafin la'asar ya kama reshe, ko ya tsaya a bakin ƙofa ya roƙi ɗan wasa ya ba shi takalmansa ya riƙe masa, sai ya shige a matsayin yaronsa. Shi ta hanya ta biyu ya fi shiga, don ya taɓa faɗowa daga bishiya mahaifiyarsa ta yi masa rantsuwa.

A nan ya fara ganin Baba Yara.

Sunansa na yanka Usman, Osman Seidu a takardu, an haife shi a 1936. Kafin ƙwallo sukuwar doki yake yi a filin tsere na Akra. Ya shiga Kotoko a 1955, yana buga gefen dama, kuma cikin 'yan shekaru aka riƙa yi masa kirari da sarkin 'yan gefe na Afirka ta Yamma. Na tambayi Baffa me ya raba shi da sauran. Ya ajiye sanda ya gwada mini da jikinsa, yana karkata kafaɗa hagu alhali ƙafarsa ta nufi dama. "Ba ƙarfi yake sawa ba. Zai taho maka a hankali da ƙwallo a bakin layi, kai kana jira ya yi ciki, sai ka ga bayansa. In ya ɗago ta kuwa, mai cin ba shi da aiki sai ya sa kai." Ya ce ranar da Baba Yara ya yi wasa mai kyau, a zango, wato unguwannin Hausawa da sauran baƙi, ko wanda bai san ƙwallo ba yana tafiya da ƙafa daban, don yaron nasu ne dukan Kumasi ke kiran sunansa.

Shi sitadiyam ɗin kamfanin UAC ne ya gina shi a 1957, shekarar da Gana ta samu 'yanci, aka buɗe shi don ƙwallo a 1959. UAC ɗin nan da ta sayi gyaɗar iyayenmu a Kano, ita ce take sayen kokon da ake yin cakulan da shi a ƙasar Asante. Da farko fili ne kawai da shinge, sai a 1971 aka yi masa rumfunan zama na farko. Ke nan mutumin da filin yake ɗauke da sunansa bai daɗe yana wasa a cikinsa a matsayin ɗan gida ba. Yawancin abin da ya yi wa Kotoko, a wancan filin da aka daɓe ya yi shi.

Dalili kuwa shi ne a 1961 aka ɗauke shi daga Kumasi. Gwamnatin Kwame Nkrumah, ta hannun daraktan wasanninta Ohene Djan, ta kafa wata ƙungiya mai suna Real Republikans, aka bi manyan ƙungiyoyin ƙasar ana tsince gwanayensu, da nufin su zauna tare su saba da juna don amfanin Black Stars, ƙungiyar ƙwallon ƙasar Gana. Daga Kotoko aka ɗauki Baba Yara da Dogo Moro. A takarda shawara ce mai ma'ana, kuma ta yi amfani, don Gana ta ci kofin Afirka a 1963 da 1965. Amma mutanen Kumasi ba su taɓa yafewa ba, har yau in tsoho yana ba da labarin sai ka ji muryarsa ta canza. Ni ma a matsayina na mai horar da yara na san zafin abin. Ka raini ɗan wasa, ka san ƙafarsa da halinsa, rana ɗaya takarda ta zo daga sama.

A ranar 24 ga Maris 1963 'yan Republikans suna dawowa daga wasa a Kpandu, a yankin Volta, motarsu ta yi hatsari a Kpeve. Baba Yara ya samu rauni a laka. Shekarunsa 26. Aka kai shi asibitin Stoke Mandeville a Ingila, wanda ya shahara da jinyar irin wannan rauni, ya yi watanni, aka dawo da shi bai tashi ba. A ƙarshen wannan shekarar abokan wasansa suka doke Sudan da ci 3 da nema a Akra suka ɗaga kofin Afirka na farko da Gana ta ci, shi yana kwance. Aka yi juyin mulki a 1966, aka rushe Republikans, waɗanda suka kawo shi Akra suka watse. Ya rasu ranar 2 ga Mayu 1969, bayan shekara shida bai taka ƙasa da ƙafarsa ba. Allah ya jiƙansa da rahama.

Baffa bai tsaya a nan ba. Ya ce wannan shekara ta 1969 ba ta fita ran mutanen zango, don a watan Nuwamba gwamnatin Busia ta ba baƙin da ba su da takardun zama mako biyu su bar ƙasar. Gidaje suka rabu, wasu da aka haifa a Kumasi suka hau lori zuwa garuruwan da ba su taɓa gani ba. A gidanmu ma an yi haka, wasu suka koma Kano, su Baffa suka zauna. "Shi ya sa," in ji shi, "ranar da aka ce an sa wa sitadiyam sunan Usman, ban iya cin abinci ba. Na zauna ina ta tuna waɗanda suka tafi."

A 2004 aka yi wannan, zamanin Shugaba Kufuor, shekara 35 bayan rasuwarsa. A lokacin ne kuma aka sa wa filin Akra sunan Ohene Djan, amma can sunan bai zauna ba. Mutanen Ga, masu garin, suka ƙi amincewa, daga baya aka mai da shi filin wasa na Akra kamar da. A Kumasi kuwa sunan ya zauna daram. Tonawa, kamar yadda kakanninmu ke kiran mutanen Asante, mutane ne masu ji da sarautarsu da tarihinsu, kuma ba su rasa gwanayen ƙwallo na jininsu ba. Duk da haka sun bar babban filinsu da sunan yaron zango, direban tasi da mai tallan ruwa kowa Baba Yara yake cewa. Wannan abu ya ƙara musu girma a idona. Sai dai ba zan ɓoye ba, na fi son a ce rabin wannan karamci ya iske shi yana da rai, a shekarun da yake kwance.

Ranar da na shiga filin ba Kotoko ke wasa ba. Na yi sa'a zuwana ya dace da gasar guje-guje da tsalle-tsalle ta makarantun sakandare da kwalejojin yankin Asante, wadda kowa ke ce wa Intako. Ɗan Baffa ya ce mu yi sammako, na ɗauka zolaya ce, wa zai yi sammako don gudun 'yan makaranta? Kafin ƙarfe tara titunan da ke kewaye da filin sun cushe. Motocin makarantu jere, kowace da sunanta a jiki: Prempeh College, Opoku Ware, Kumasi High, Yaa Asantewaa, St. Louis, Islamic Senior High. 'Yan T.I. Ahmadiyya, waɗanda ake ce wa Amass, su ba sa buƙatar mota, makarantarsu tana maƙwabtaka da filin, kuma sun daɗe suna cikin waɗanda ake tsoro a wannan gasa. An kafa ta a 1950, ta girmi sitadiyam ɗin kansa.

Filin yana ɗaukar mutum 40,528 a zaune tun bayan gyaran da aka yi masa don gasar kofin Afirka ta 2008, kuma shi ne mafi girma a Gana. Ban ce ya cika maƙil ba, amma ban taɓa ganin taron 'yan makaranta irin wannan ba. Kowace makaranta ta kama ɓangarenta da launin rigarta, da gangunanta, da mai ba da waƙa a gaba yana juya musu baya ga fili, su kuma suna amsawa. Waƙoƙin nan da suke kira jama ba sa yankewa daga safe har yamma. In ɗan makarantarsu ya shiga layi sai ganga ta canza, in ya ci sai rumfar ta girgiza har ka ji a tafin ƙafarka. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne manya: tsofaffin ɗalibai, wasu da furfura, sun bar ofis da kanti sun zo da tsohuwar rigar makaranta, suna rantsuwa da agogon hannunsu cewa a zamaninsu an fi haka gudu.

Da na gabatar da kaina ga wani malamin wasanni, ya ji daga Kano nake kuma sana'armu ɗaya, sai ya ja ni ƙasa kusa da inda yaransa ke shiri. Bazango ne, ɗan Tafo. Makarantarsa ba ta cikin manya, kuma a nan na ga abin da rumfa ba ta gani. Takalmin gudu mai ƙusa ƙafa biyu kacal suke da shi na 'yan mata, su huɗu kuma za su yi gudun miƙa sanda. Ya tsara cewa ta farko da ta ƙarshe su sa, biyun tsakiya su yi da takalmin roba. Ta ƙarshen ƙafarta ba ta cika takalmin ba, sai ya durƙusa ya cusa auduga a gaba, ya naɗe da filasta har zagaye uku, ya ce ta taka ya gani. Yarinyar tana sanye da dogon wando a ƙarƙashin gajere, da ɗan ƙaramin hijabi da ta cusa cikin wuyan riga. Ya riƙe kafaɗunta ya ce, "Kada ki waiwaya. In kin ji ta ce haya, ki miƙa hannu baya kawai, sandar za ta same ki." Ta ce, "To, Malam."

Sun zo na uku a rukuninsu. Miƙa sandar tasu ta fi ta kowa tsabta, ba wadda ta rage gudu, kuma duk wanda ya taɓa koyar da wannan ya san watanni nawa ake yi kafin yara huɗu su kai haka. Da suka dawo suna haki ya zuba wa kowacce garin gulukos a tafin hannu, suka lashe, ya fasa musu ruwan leda. Ba a jima ba ya kwance filastar, don akwai mai gudun mita 400 da ke jiran takalmin.

Na tambaye shi me yaran ke samu. Ya ce wanda ya yi fice ana ganinsa, don masu neman 'yan wasa daga jami'o'i da rundunonin tsaro suna zaune a rumfa da takarda da biro. Ya kawo mini misalin Joseph Paul Amoah, wanda ya yi Prempeh College, ya wuce jami'ar Kwame Nkrumah da ke nan Kumasi, ya tafi Amurka, ya ci tagulla a gudun mita 200 a gasar ƙasashe renon Ingila ta 2022, sannan ya ci zinariya a wasannin Afirka da aka yi a Akra a watan Maris na 2024. "Amma ko wadda ba ta kai can ba," in ji shi, "ta taka inda Black Stars ke takawa, mutum dubbai sun kira sunan makarantarta. Wannan ba ya fita daga jikin yaro."

A nan zuciyata ta koma gida. Makarantar da nake koyarwa tana da fili wanda a da ake zagaye mita 400 a cikinsa. An yanki gefe ɗaya an yi shaguna, an yanki wani an yi ajujuwa, abin da ya rage ko mita 100 ba ya miƙewa. Gasar gidaje ta shekara-shekara, in kuɗi ya yi ƙaranci, ita ake fara sokewa. Yaranmu ba su fi na Kumasi rashin ƙafa ba. Ina da yaron da in ya samu layi da takalmi ba na jin kunyar ajiye shi gaban kowa a wannan fili. Abin da muka rasa shi ne tsani: daga filin unguwa zuwa na makaranta, daga na makaranta zuwa babban filin gari, a rana sananniya da kowa ke jira. A Kumasi tsanin yana nan, ko da wasu matakansa sun tsufa.

Da rana ta yi zafi muka koma inuwar rumfa, hira ta koma kan manyan wasannin da filin ya gani, kowa na kusa yana jefa nasa. An sake gina shi a 1977 don kofin Afirka na 1978, kuma a nan Yuganda ta fitar da Najeriya da ci 2 da 1 a wasan kusa da na ƙarshe. Gana ce ta ci kofin a Akra, kuma gwarzon Afirka na wannan shekara, Karim Abdul Razak, haifaffen Kumasi ne da ya taso ta Cornerstone da Kotoko. A 1983 Kotoko ta doke Al Ahly ta Masar da ci ɗaya mai ban haushi a nan, ƙwallon Opoku Nti, ta ɗauki kofin zakarun Afirka karo na biyu. Kocinta a ranar Ibrahim Sunday ne, wanda yana cikin 'yan wasan da suka ci na farko a Kinshasa, ya zama gwarzon Afirka a 1971, daga baya ya tafi Werder Bremen ta Jamus. Duba sunayen nan da kyau: Usman, Dogo Moro, Ibrahim, Abdul Razak. Ba a rubuta tarihin Kotoko a tsallake zango.

Da na ce musu a gasar 2000, wadda Gana da Najeriya suka shirya tare, filaye huɗu aka yi amfani da su, Akra da Kumasi da Legas da namu na Ƙofar Mata a Kano, sai wani dattijo ya miƙo mini hannu ya ce ashe abokan aiki ne. Amma ya ce kada in tuna masa wannan gasa, don a nan Afirka ta Kudu ta fitar da Gana. Wani ya ce akwai wadda ta fi ta ciwo: watan Janairu na 2005, wasan ƙarshe na kofin Confederation na farko, Hearts of Oak ta zo har gida ta doke Kotoko a bugun fanareti ta tafi da kofi Akra. Don su wanke baki sai suka kawo 15 ga Oktoba 2013, ranar da Gana ta zuba wa Masar 6 da 1 a hanyar zuwa kofin duniya na Brazil. Na Maris 2022 kuwa ba su bar ni na manta ba: ba ci a Kumasi, kunnen doki 1 da 1 a Abuja, Gana ta wuce zuwa kofin duniya na Qatar da ƙwallon Thomas Partey. Na karɓi tsiyar da hannu biyu, baƙo ba ya musu a gidan mutane.

Daga wancan wasa na 2000 Black Stars ba su sake shan kashi a wannan fili ba sai ranar 5 ga Satumba 2024, da Angola ta ci su ɗaya a ƙarshen wasa. Kwanaki kaɗan bayan haka hukumar ƙwallon Afirka, CAF, ta janye amincewarta da filin saboda lalacewar ciyawa. Mutanen da na zauna da su sun fi jin zafin wannan fiye da cin da aka yi musu. Suna ɗora laifin a kan ba da hayar filin ga manyan taruka, a kafa rumfuna da dandamali a kan ciyawa kwana da kwanaki, sannan a ce a buga wasan ƙasa da ƙasa a kai. Ba wannan ne karo na farko da aka rufe shi ba. A 2020 ma an rufe don gyara, Kotoko ta yi ta yawo tsakanin Akra da Obuasi tana karɓar baƙi a gidan aro.

Kafin mu fita na tsaya wajen wani ma'aikaci da ke jan tiyo a bayan raga, yana hana yara tsallakawa ta kan ciyawa. Na gaishe shi, na ce yaya aiki. Ya tsuguna ya tura yatsa cikin ƙasa ya ciro ya nuna mini. Ya ce ciyawa ba ta son abu uku: ƙishi, da nauyi a wuri ɗaya, da gaggawa. In an danne ta ƙasa takan taurare, ruwa ya kwanta a sama, saiwa ta ruɓe, kuma ba a gyara wannan a mako guda ko nawa aka kashe. Gudun yara a kan layi ba ya damunsa, su ba sa taka masa komai. Ina ganin gaskiyarsa. Kuɗin haya na rana ɗaya ba ya biyan kakar wasa guda da gari zai yi ba filinsa, kuma fili irin wannan ba kullum ake gina shi ba.

Washegari da la'asar ɗan Baffa ya kai ni wani filin ƙasa a bayan Aboabo, inda yara 'yan ƙasa da shekara goma sha biyar ke atisaye, raga ba zare, layi da toka. Irin waɗannan filaye ne suka ciyar da King Faisal, ƙungiyar Alhaji Karim Grusah, wadda Samuel Osei Kuffour ya bi ta cikinta kafin ya tafi Turai har ya kai Bayern Munich. Kocin yaran tela ne, da ya rufe shago yake zuwa da usur a wuya. Ya ce duk lokacin da ya samu hanya yakan kai yaransa sitadiyam su yi aikin tsintar ƙwallo a bakin layi, kuma kafin su shiga sai ya tsayar da su a ƙofa ya tambaye su sunan wa ke rubuce a sama, da abin da ya same shi. Wanda bai amsa ba, ranar a rumfa zai yi kallo.

Da aka tashi ya ce, "Malam, me zai hana ka kawo yaranka mu buga? Mu ma wata shekarar mu zo Kano." Muka zauna a kan benci muka fara lissafi a bayan wata takardar awo da ya ciro daga aljihu: mota daga Kano zuwa Legas, iyakar Seme, iyakar Togo, iyakar Aflao, takardun tafiya na yara goma sha takwas, katin rigakafin shawara, izinin iyaye. Masauki da abinci ya ce kada in sa a lissafi, zango ba ta barin baƙo ya kwana a waje. Kuɗin ya yi yawa, amma bai kai yadda na zata ba. Muka rabu a kan ni zan fara da shugaban makarantarmu da ƙungiyar iyayen yara, shi kuma zai kai maganar fadar Sarkin Zango bayan sallar Juma'a.